Ratar Bayan Harsashi

Ku samarin da ke zama bakin rumfata nan garin Isa, kullum sai kun miƙo mani waya kuna cewa, "Baba Arzika, dubi mutumen ga, ya gyara bindiga tun shayi bai huce ba." Na duba. Na ga hannu shina juyawa, na ga ƙarfe na ƙyalli, na ji kiɗa. Aikin ne ban gani ba. Wanda ya ɗauki hoton ya yanke duk inda mai gyara ke tsayawa shina aunawa, don ba shi da daɗin kallo, alhali sana'ar duka nan take. To, tunda kun matsa, ku zauna. Ba za ni ba ku awo ba, ba kuma za ni koya ma kowa ba, na aje wannan aiki. Labarin bindiga guda za ni ba ku, ku ji yadda abin shike.

Tsamaye anka haife ni, gidan maƙera. Ubana galma shike yi da lauje da hauya, sai in maharba sun kawo adaka, irin wadda ake ɗura ma albarushi ta baki, shi gyara masu kunama ko shi ɗaure ƙota. Wata rana wani manomi daga Kurawa ya kawo bindiga mai cin harsashi ta baya. Ubana ya juya ta, ya leƙa, ya miƙa mashi abinshi, ya ce wagga ta fi ƙarfin saninshi. Bayan kaka sai ya haɗa ni da wani mai fataucin wake, ya ce shi kai ni Maraɗi wurin Malam Isuhu, tsohon da ya daɗe shina gyara ma masu gadin daji bindigoginsu.

Aikin farko da Malam Isuhu ya ba ni ba bindiga ba ce. Guntun ƙarfe ya aje gabana da magagari, ya ce in goge mashi fuska guda ta kwanta daidai. Na yi dariya cikin raina, ɗan maƙeri za a koya ma guga? Na goge na kai mashi. Ya shafa baƙin fitila bisa gilashi, ya kifa ƙarfen, ya ɗaga. Baƙin ya kama gefe biyu, tsakiya fari fat. Ya ce, "Ankor." Kalmar Faransa ce, wai sake. Rani ya wuce ina jin ankor, damina ta sauka ina jin ankor. In ya ga na sa ƙarfi sai shi buga mani gwiwar hannu shi ce, "Dusuma, ɗan Gobir. A hankali. Abin da ka goge ba ka mayar da shi."

Sai da hannuna ya kwanta sannan ya ɗauko wani tsohon bututun bindiga da ya tsaga gida biyu ta tsawonshi, don a ga ciki. Ya nuna mani ɗakin da harsashi ke zama, da sakatar da ke rufe bayanshi. Ya ce tsakanin gindin harsashi da fuskar sakata akwai 'yar rata wadda ido ba ya gani. In ta yi kaɗan, sakata ba ta rufewa. Wannan ba komai, mai bindiga zai yi fushi shi dawo. In ta yi yawa, sakata za ta rufe lafiya lau, mutum shi ji daɗi shi tafi. Amma in wuta ta tashi, kwanson tagulla zai miƙe neman cike ratar, shi yi ta miƙewa har shi tsinke ta gindi. Wutar da ya kamata ta bi gaba sai ta dawo baya. Ya ce, "Mi ke baya?" Na ce ƙota. Ya ce, "Fuskar mutum ke baya."

Shina da geji guda biyu, ƙarafa ne da anka sassaƙa da siffar harsashi, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da abin da bai kai kaurin gashi biyu ba. Ya sa masu suna, gajeren Shiga, dogon Dakata. Bindiga mai lafiya sakatarta na rufewa bisa Shiga, ta ƙi rufewa bisa Dakata. Kuma da ɗan yatsa guda ake gwadawa, ba da tafin hannu ba, don mai ƙarfi na iya tilasta sakata ta faɗa mashi ƙarya. Ranar da ya sallame ni ya ba ni irinsu, cikin tsumma mai mai.

Na koma Tsamaye na kafa rumfa jikin ta ubana. Daga baya na sami tsohon injin sassaƙar ƙarfe, na ɗauro shi bisa mota daga Maraɗi. Ba mu da wuta, sai na yi shawara da maƙwabcina mai injin niƙa, munka huda bango munka zuro bel. In za ni sassaƙa sai a tsai da niƙa, mata na zaune da ƙoran gero suna yi mani habaici. Masu kawo mani aiki maharba ne, da manoman fadama da gadu ke tone ma rogo, da Fulanin da kura ta dama. Duk wanda ya zo da mai cin harsashi, takardarshi nike fara tambaya. In babu, ruwa kawai zai sha shi tafi.

Aikin da nike son ba ku labari ya zo mani ranar wata Laraba da hantsi, cikin buhu. Alhaji Nomau na Burkusuma ya kawo shi, dillalin shanu ne da ke shiga Nijar shina fitowa kamar ɗakin uwarshi. Tare da shi akwai ƙanenshi Tunau, maharbi, an naɗe mashi rabin fuska da farin ƙyalle. Munka gaisa. Alhaji ya kwance buhun, sai ga bindiga irin wadda ake ce ma karabin, mai sakata, ƙotarta ja kamar an shafa mata man shanu.

Ya ce, "Arzika, wagga ta ci mani idon ɗan'uwa. Mutane na cewa sammu ne. Wasu na cewa harsashin ne ya lalace. Ni dai so nike in san gaskiya kafin in jefa ta gulbi."

Na ce, "Alhaji, ina ka same ta, kuma wa ya taɓa ta?"

Ya ce wani nasara mai haƙar rijiyoyi wajen Madawa ya sayar mashi da ita da zai koma ƙasarsu, ya kuma yi mata takarda, ga ta. Nasaran ya haɗa mashi da wani ɗan akwati, ciki akwai wuƙar rarake ɗaki da geji nata na musamman. Ya gaya mashi cewa in anka faɗaɗa ɗakin da wannan wuƙa, kwanson zai ɗauki albarushi fiye da da, harbi shi ƙara nisa. Shi nasaran bai samu ya yi ba. Alhaji kuwa mutum ne mai son abinshi shi fi na kowa, sai ya kai ta wurin wani mai injin ƙarfe cikin birni. Mutumen gwani ne, in ya yi maka sandar ƙafar mota sai motar ta mutu ta bar ta. Bindiga ce dai ba sana'arshi ba. Ya zura wuƙar ya rarake har ɗakin ya yi sumul, ya miƙo.

Tunau ya yi magana, muryarshi ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Na harba ta kwana da kwanaki lafiya. Ran nan ga gadu cikin rogo, na ɗora, na ja. Ban ji ƙara ba ma, sai dai kamar an watsa mani garwashi."

Na ce shi ba ni kwansunan da ya harba, in ya aje. Maharbi ba ya yar da tagulla, ya zazzage su daga aljihu. Na kai su bakin ƙofa inda haske shike. Kowane akwai wani zobe mai ƙyalli kusa da gindi, inda tagullar ta miƙe ta yi siriri. Na ƙarshen kuwa gida biyu ne. Na buɗe akwatin nasara da Alhaji ya zo da shi, na tarar da gejin cikin takardarshi, ko buɗe shi ba a yi ba. Na sa dogon, na taɓa sakata da ɗan yatsa. Ta faɗa ta rufe kamar babu komai ciki.

Na ce, "Alhaji, ba sammu ba ne, harsashinka kuma lafiyarshi lau. Ɗaki ne ya yi zurfi."

Ku saurara nan, don nan ne wayoyinku ba su nuna maku. Harsashi na asali jikinshi shina tsukewa zuwa gaba, kafaɗarshi a zube take kamar ta tsoho. Sabon ɗakin kuwa bangonshi a miƙe, kafaɗarshi a tsaye. In ka sa harsashin asali ciki, kamar siririn mutum ne cikin babbar riga, ko'ina yalwa, wuyan rigar kaɗai ke taɓa shi. Wannan ɗan wurin, inda wuya ya haɗu da kafaɗa, shi kaɗai ke riƙe da harsashin shina danne shi jikin sakata, har wuta ta tashi ta buɗe kwanson shi cika ɗakin, shi ɗauki sabuwar siffa. To mai rarakewa in ya zura wuƙa cikin tsohon ɗaki, ba ya samun sumul sai ya wuce inda tsohuwar kafaɗa take. Ya tura wuyan rigar gaba ke nan. Harsashi ya rasa abin jingina, ya zame ciki, rata ta buɗe bayanshi. Shi ya sa ba a fara wannan aiki da rarake. Sai an kwance bututun, an rage shi ta baya, an mayar, sannan a yanka sabon ɗaki, a kuma tsaya da wuri. Irin wagga bindiga so ake sakata ta rufe bisa harsashin asali da 'yar gardama, ka ji tana matsa shi kaɗan.

Alhaji ya ce, "Tana gyaruwa?"

Na ce, "Tana gyaruwa. Amma ba yau ba, ba gobe ba."

Ya dubi Tunau. Tunau ya ce, "Gyara ta, Yaya. In ka jefa ta gulbi, wani zai tsamo ta rani, shi ma shi ba da nashi idon."

Kwance bututun kaɗai ya ci mani yini, don tun ƙasarsu ba a taɓa motsa shi ba. Na jiƙa shi da mai, na ɗaure tsakanin katakai don kada in ƙuje shi, na bi shi da lallashi har ya saki. Na ɗora bisa inji na rage. Rarakewar kuwa da hannu na yi ta, ban yarda da bel ɗin mai niƙa ba, don injinshi in ya ga dama sai shi zabura. In juya kaɗan, in zare wuƙar, in share ɓarɓashi, in wanke ɗakin tas, in mayar da bututun, in gwada. Ƙwayar ɓarɓashi guda in ta maƙale tana iya sa geji shi yi maka ƙarya. Na cire allurar da ke bugun harsashi da ƙugiyar da ke jawo kwanso daga jikin sakata, don kada wani abu shi shiga tsakanin yatsana da abin da nike son ji. Farko sakata ta tsaya can sama. Na ƙara, ta sauko. Na ƙara, ta ƙara saukowa. Da ta kusa, sai na koma juyin da in kuna kallo za ku ce ban yi komai ba.

Alhaji ya aiko mai babur daga Burkusuma, wai an gama? Na ce a gaishe shi. Ya sake aikowa, wai in abin ya gagara in faɗa, ba abin kunya ba ne. Na ce a sake gaishe shi. Ranar da ta yi, yatsana ne ya gaya mani. Sakata ta sauko bisa gajeren geji ta zauna, ta ƙi dogon ƙememe, bisa harsashin asali kuma ta rufe da 'yar matsa, irin ta sabon takalmi da ya yi maka daidai. Na aje wuƙar. Mai son shi ƙara juyi guda don shi tabbata, shi ke ɓata aiki.

Ba na ɗora sabon gyara bisa kafaɗar mutum. Akwai wani gawo bayan gari, nan nike ɗaure bindiga bisa tsohuwar taya, in sa igiya ga kunama, mu koma bayan tudu. Alhaji da Tunau sunka zo. Na ja igiya, ta amsa. Na buɗe sakata, kwanso ya fito da sabuwar kafaɗa a tsaye, jikinshi sumul, babu zobe. Tunau ya karɓa shina murzawa tsakanin yatsu, shina kai shi kusa da idon da ya rage. Alhaji ya miƙa mashi karabin ya ce shi gwada. Tunau ya ce, "A'a, Yaya. Na yarda da aikin Arzika. Amma guda ya rage mani, da shi nike ganin ɗiyana." Bai sake harbi ba, kiwon shanun Alhaji ya koma.

Shekaru sunka yi ta tafiya. Duk bayan kaka Alhaji kan kawo ta in duba, da kwansunan da ya harba cikin 'yar jaka. Ban taɓa samun zobe ko guda ba. Sau guda ƙotar ta tsage da ta faɗo daga babur, na ɗaure ta da zoben tagulla na buga mata ƙusa uku.

Sai mummunar shekara ta zo. Kun san ta, wasunku ita ta koro iyayenku nan. Da farko shanu anka riƙa kora, sannan hanya ta gagara, sannan mutanen daji sunka fara aza ma ƙauyuka haraji kafin a yi shuka. Masu kawo mani aiki sunka canja. Sai ka ga baƙuwar fuska da abu cikin buhu, babu takarda, babu sunan gari. Ina cewa ido ya yi rauni, hannu na rawa. Na lulluɓe injin da tabarma na koma galma da lauje irin na ubana. Cikin damina labari ya zo cewa an shiga Burkusuma, an kwashe shanun Alhaji Nomau, shi kuma an tafi da shi daji.

Wata rana bayan azahar, ina wasa lauje, na ji babura sun tsaya. Gari ya yi tsit, har injin niƙa ya mutu. Sunka shigo rumfa ba sallama, samari ne, babu wanda ya kai ɗana na fari. Babbansu na da jan rawani da baƙin tabarau. Ya sauke wani abu daga kafaɗa ya aje bisa uwar maƙera. Tun kafin in taɓa na ga zoben tagulla da ƙusa uku.

Ya ce, "Tsoho, an ce kai ne likitansu. Wagga tana cijewa. Gyara ta."

Na ɗauka na duba. Hannun sakata duk ya lotse, da dutse anka riƙa dukanshi. Na gane abin da ya faru, sun tura mata harsashin da ba nata ba, ta ƙi rufewa, sunka tilasta ta, sunka harba. Na zare sakatar na kai haske. Haƙoran da ke kulle ta, ɗaya ya tsage tun daga tushe, mazauninsu cikin jikin bindigar kuma ya lotsa baya. Akwatin nasara na wurina tun wancan aiki. Na sa dogon geji, sakata ta rufe har tana kaɗawa.

Na ce, "Wagga ta mutu. Wanda ya ƙara harba ta, fuskarshi za ta ci."

Ya cire tabarau. Ya ce, "Ƙin aiki ne kake yi. An gaya mani kana cewa hannunka na rawa. Ni ban ga shina rawa ba."

Na ce, "Ba ya rawa. Ka ba ni harsashi guda da igiya, mu je bayan gari. In ta fito da kwanso lafiya, ka yi mani abin da ka zo yi."

Ya dube ni, ya ce, "Mu je."

Munka bi ta cikin gari, ni gaba su baya, ko kaza babu bisa hanya. Tsohuwar tayar na nan gindin gawo, ciyawa ta fito cikinta. Na ɗaure karabin yadda na saba, na zuro igiya har bayan tudu, na miƙa mashi bakinta. Na ce, "Kai za ka ja, don kada ka ce na yi wani abu." Ya ja. Ƙarar ba irin tata ba ce, ta fashe gida biyu, hayaƙi ya tuɗo ta baya. Da munka isa, sakata ta turo waje ta karkace, ƙotar ta dare, wani guntun ƙarfe ya nutse cikin ɓawon gawo daidai inda kan mutum zai kasance. Mai jan rawani ya sa yatsa cikin ramin. Ɗaya daga cikin yaranshi ya ce, "Jiya fa ni ke riƙe da ita."

Mai jan rawani ya ce, "Babu gyara?"

Na ce, "Babu. Nan ko Maraɗi." Gaskiya na faɗa mashi. Bututu ana rage shi, ɗaki ana sake shi, amma in mazaunin haƙora ya tafi, bindiga ta tafi.

Ya shure ta da ƙafa, ya juya. Na ce, "Mai ita fa?"

Ya waigo. "Ka san shi?"

"Na san shi."

"Shina nan, shina cin abinci. Danginshi sun san abin da za su yi." Ya mayar da tabarau. "Kai kam ka iya aiki, tsoho. Ranar kasuwa za mu kawo maka wasu. Ka tanadi mai."

Ban jira ranar kasuwa ba. Da asuba na ɗora iyali bisa amalanke da abin da shanu za su iya ja. Uwar maƙera ta ubana na ɗauka, da masaba, da magagarai, da buhun da na naɗe karabin ciki bayan na tsinto ta gindin gawo. Injin ba ya ɗaukuwa. Na kwance dogon ƙarfen zaren da ke tafiyar da shi, wanda in babu shi injin gunki ne, na haɗa da wuƙar rarake da geji duka, nawa da na nasara, na zuba cikin tsohuwar rijiyar da ta rufta bayan gidanmu. Mai niƙa na tsaye shina kallo, ya ce, "Arzika, aikin shekara nawa ke nan?" Na ce shi kama mani bakin buhu. Daga baya anka ce mani an ƙone rumfar.

Nan Isa injin ban-ruwa na farko da anka kawo mani, wani mai albasa ne ya ce shina zubar da ruwa ta gindi. Na kwance, na ga ashe duk abu guda ne, rata ce ta yi yawa inda bai kamata ba. Na gyara, ya gaya ma ɗan'uwanshi, shi ma ya gaya ma wani. Kun ga dai yanzu ba ni rasa abin yi.

An gama yankan gero sannan anka sako Alhaji Nomau, bayan dangi sun sayar da abin da ya rage. Ya yi jinya Sabon Birni. Wata ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga shi bakin rumfar ga, nan inda kuke zaune, Tunau na riƙe da hannunshi. Da ba don Tunau ba da ban gane shi ba. Rigarshi ta yi mashi yawa, ga sanda, ga sawun sarƙa ga idon ƙafa. Munka yi gaisuwa mai tsawo, na yi mashi barka. Na shiga ciki na ɗauko buhun na aje gabanshi, na ba shi labarin gawo.

Ya daɗe shina shafa zoben tagullar. Sannan ya ce, "Arzika, na san muryarta. Cikin bindigogi ɗari in ta yi magana sai na gane ta. Inda nike ɗaure, wata rana da hantsi na ji ta, can gefen wani ƙauye. Sau biyu. Ban san wa ta samu ba."

Ya juya ta, ya leƙa cikin bututun.

Ya ce, "Bututun fa, shina da sauran amfani?"

Na ce, "Bututun lafiyarshi lau. Mai inji na iya ɗaura shi ga wata."

Ya ce, "To yanke shi. Mu kai guntayen ofishin 'yan sanda da takardarta, su rubuta ta mutu."

Na ɗaure bututun, na sa sabon haƙori ga zarton ƙarfe. Tunau ya kama ɗaya gefen don kada shi yi rawa. Ƙarfen nasara ne mai kyau, zarto na zamewa bisanshi, da ƙyar na samu ya kama. Na ci kamar rabi, sai na ji an taɓa mani kafaɗa. Alhaji ne ya miƙe, ya jingine sanda jikin bango.

Ya ce, "Ba ni zarton. Ni na saye ta."

Na ba shi. Hannunshi ba ƙarfi, in ya ja kaɗan sai shi tsaya shi yi numfashi, zufa na ɗiga daga gemunshi bisa ƙarfen. Tunau ya buɗe baki zai ce wani abu, na girgiza mashi kai. Anka kira la'asar shina ja. Mutane sunka wuce masallaci suna leƙenmu, shina ja. Da bututun ya saki ya faɗi ƙasa, Alhaji ya miƙo mani zarton, ya share fuska da hannun riga, ya ce ma ƙanenshi, "Tunau, miƙo mani buta, kada mu rasa jam'i."